Zauren Tambaya: Kai Ƙananan Yara Sabon Wurin Wasa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka zo, wato wuraren shaƙatawa masu lilo da motocin wasa, da yadda za a kai yara a dawo da su lafiya. Amsoshin da suka shafi jiki mun tsara su tare da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin yara, na ƙarfe da wutar lantarki kuma tare da mai gyaran injuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An buɗe wani sabon wurin wasa, yarana sun hana ni sakat. Su uku ne: ɗan shekara bakwai, 'yar shekara huɗu, da auta mai shekara biyu. Ina so in kai su washegarin Sallah. Ya kuka gani?
Uwar yara uku, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya raya su. Shawararmu ki rarrashe su ki ɗaga tafiyar, don kin haɗa abu biyu masu wuya a rana ɗaya: sabon wuri da taron Sallah.

Sabon wuri akwai ɗaukar ido, amma aikinsa bai gama kankama ba. Ma'aikatan sababbi ne, wani ma ranar ce karonsa na farko da zai ɗaura wa yaro bel alhali layi na ta yi masa hayaniya. Injunan ba su saba da nauyi ba, kuma notin da aka ɗaure lokacin haɗawa yakan ɗan saki bayan girgizar kwanakin farko, sai an sake binsa an matse. Itatuwan da aka dasa ba su isa ba da inuwa ba. Famfo da ban-ɗaki kuwa ba a sanin ko za su ɗauki jama'a sai jama'ar ta zo. Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. Ranar da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya ta Amurka, 17 ga Yuli 1955, mutane sun cika wurin fiye da waɗanda aka gayyata saboda tikitin jabu, famfunan shan ruwa ba su aiki ga tsananin zafi, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba har tsinin takalman mata na nutsewa a ciki, wasu injunan kuma suka tsaya.

Ki bari wurin ya yi mako biyu ko uku yana aiki, ki ji ta bakin waɗanda suka je. In kuwa dole sai a cikin Sallah, ki jira kwana na huɗu ko na biyar, lokacin da turmutsutsun ya lafa. Jama'a sun fi tururuwa bayan La'asar, saboda haka in suna buɗewa da safe, ki zama cikin na farko. Da hunturu ki bari sanyi ya saki, kamar ƙarfe goma sha ɗaya. Da bazara ki yi sammako ki fito kafin rana ta take. Awa biyu ta ishi ɗan shekara biyu, abin da ya wuce haka rigima ce zai koma yi. Kome daɗin wurin, ku fita kafin Magariba, don duhu da sauro da cunkoson ƙofa duk a lokacin suke haɗuwa.

Kada ki tafi ke kaɗai. In kika hau jirgin ƙasan wasa da 'yar shekara huɗun, wa zai riƙe auta? Mai shekara biyu yana bukatar babba nasa shi kaɗai, sauran biyun kuma babba guda.

TAMBAYA: Na kai ɗana mai shekara biyar, aka hana shi hawa wani lilo wai tsawonsa bai kai ba, alhali an bar ɗan maƙwabcina da ya girme shi da wata biyu kacal. Wannan ba son kai ba ne?
Wani uba, Daura

AMSA: Malam, ka yi haƙuri, ma'aikacin nan ya kyauta maka. Inji bai san shekaru ba, girman jiki ya sani. Ƙarfen da ke saukowa kan cinya da bel ɗin da ke riƙe ƙirji an ƙera su ne daidai da wani tsawo. In yaro bai kai ba, sai a sami rata tsakanin cinyarsa da ƙarfen, da zarar lilon ya karkata ko ya tsaya farat ɗaya, ta wannan ratar zai sulale. Bel ɗin kafaɗa kuma maimakon ya bi ta ƙirji sai ya hau wuya.

Manyan wuraren wasa na duniya sukan sa iyaka kamar santimita 102 ko 112 ko 122, ya danganta da ƙarfin injin. A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsawon ɗan shekara uku yana wajen santimita 96, ɗan huɗu 103, ɗan biyar 110, kuma yara sa'annin juna sukan bambanta da santimita da yawa ba tare da wani ciwo ba. Kafin ku fita gida ka jingina shi da bango, ka ɗora littafi a kansa, ka yi alama, ka auna da tef ɗin tela. Sai ka gaya masa tun a gida abin da zai hau da wanda sai baɗi, ya fi a juyo da shi daga bakin layi yana kuka. Kada a sa masa takalmi mai tudu ko hula don ya cike awon, kada kuma a ba ma'aikaci na goro don ya kau da kai. Wurin da ma ba su da sandar awo ko kaɗan, shi ne abin tsoro.

TAMBAYA: Ni ba makanike ba ce. Ta yaya zan gane cewa lilo yana da lafiya kafin in ɗora jikokina?
Wata kaka, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, ba sai kin zama makanike ba. Abin da ake bukata shi ne ki tsaya ki kalli zagaye guda cikakke, daga hawa har sauka, kafin ki sayi tikiti. Sabon fenti ba shaida ba ne, don akwai injunan da ake sayowa na hannu a sake musu fenti.

Ki fara da mai kula da injin. Yana bin kujera ɗaya bayan ɗaya yana jan bel da hannunsa, ko daga nesa yake dubawa? Da injin ya tashi, yana tsaye a wurin maɓallin kashewa, ko ya koma danna waya? Yana ɗora yara uku a kujerar mutum biyu saboda layi ya yi tsawo? In yaro ya fashe da kuka yana neman tashi tsaye, yana tsayar da injin? Ko da ƙarfen ya fi kowane kyau, in mai kula da shi ya gaza a nan, ki wuce.

Sai kunne. Inji mai lafiya ƙararsa iri ɗaya ce. In kin ji ƙwas-ƙwas a daidai wuri ɗaya duk zagaye, ko kukan ƙarfe na gugar ƙarfe, wani abu ya saki ko ya bushe babu man giris. Sai ido: ramin noti da babu noti a ciki, bel da aka ƙulle da hannu ko aka maye shi da igiya, walda mai tsaga ko mai zubar da jan tsatsa, ƙafar inji da aka tokare da bulo. Dole a sami shinge mai ƙofa da zai hana yaro kutsawa yayin da abin ke juyawa. Ki dubi ƙasa kuma. Wayar wuta a shimfiɗe inda yara ke takawa, ko wadda aka haɗa aka naɗe da leda, babban haɗari ce, balle da damina ko kusa da famfo. Ki tambaye su kai tsaye: in wuta ta ɗauke ana sama, yaya kuke sauko da yara, kuma minti nawa janareta ke ɗauka kafin ya karɓa? Wanda ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba.

Gidan robar nan da ake hura wa iska yara na tsalle a ciki, iyaye sun fi sakin jiki da shi saboda laushinsa, mu kuwa shi muka fi sa wa ido. Ki zagaya bayansa ki ga an ɗaure shi da turakun ƙarfe a ƙasa. Ƙa'idar Turai ita ce aƙalla wuri shida, kuma a daina amfani da shi in gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa, wato daidai lokacin da za ki ga ƙananan itatuwa sun fara rangaji. A Disamba 2021, a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, iska ta ɗaga irin wannan gidan a wata makarantar firamare, yara shida suka rasu. Mu da muka san guguwar bazara da iskar da ke gaban hadarin farkon damina, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Da kin ga gabas ta haɗe, ki fito da su, kada ki jira ma'aikaci ya ce. Haka in injin hura iskar ya mutu: robar takan lafta a kan yara nan da nan, sai babba ya shiga ya zaro su. Wani raunin da ake yawan samu a ciki kuwa daga karo ne, ɗan shekara goma ya faɗo kan ɗan shekara uku. In ba su raba manya da ƙanana ba, ki jira sai manyan sun fita.

Abin zamiya na ƙarfe, ki ɗora bayan hannunki a kai ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, fatar yaro ta fi taki taushi, zai ƙone. Kada babba ya ɗora yaro a cinya su zame tare: takalmin yaron na iya cijewa a gefe, nauyin babban ya ci gaba da turawa, ƙashin ƙauri ya karye. Ƙarƙashin lilo da abin hawa ya zama yashi mai kauri, kamar santimita 30, ko shimfiɗar roba, ba daɓen siminti ba.

Sutura ma a duba ta. Dogon hijabi, gyale, igiyar wuyan riga da babbar rigar yara ta Sallah duk suna iya shiga cikin taya ko sarƙar motar wasa, kuma abin da ya naɗe a wuya ba ya ba da lokaci. A sa wa yarinya ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin riga, a cire wa yaro babbar riga kafin ya hau, a sa musu takalmi sau-ciki maimakon silifas. Uwar da za ta raka yaro ita ma ta tattare mayafinta ta riƙe a cinya.

TAMBAYA: Me zan ɗauka na ci da sha? Ɗaya daga cikin yaran tana da sikila.
Wata uwa, Ƙofar Ƙwaya, Katsina

AMSA: Allah Ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Ruwa ne kan gaba. A Maris da Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40, yaro kuma in wasa ya ɗauke masa hankali ba ya cewa yana jin ƙishirwa. Ki ware wa kowane yaro ruwan leda biyu, wato lita guda, ki riƙa ba su 'yan kurɓi duk bayan minti ashirin ko ba su nema ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nono za a ƙara masa, ba ruwa ba.

Ita mai sikilar, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya da sanyin farat ɗaya su ke tayar da ciwon. Nata ruwan ya fi na kowa, ta riƙa hutawa a inuwa bayan kowane wasa, kada ta shiga ruwan sanyi, da hunturu kuma a tafi da rigar sanyi. Ki ɗauki magungunanta. In ta ce ƙashi ko ƙirji na ciwo, ko jikinta ya yi zafi, tafiyar ta ƙare, sai asibiti. Mai asma a tafi masa da abin shaƙarsa, don ƙurar hunturu da hayaƙin janareta na tayar da ita.

Alamar zafi ya fara yi wa yaro yawa ita ce ya yi laƙwas, leɓe ya bushe, ya ce kansa na ciwo, ko ya daɗe bai yi fitsari ba. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu na ƙunshi, ana haɗawa da lita guda ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya fara sambatu, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, a nufi asibiti ana jiƙa masa jiki a hanya, kada a ɗura masa komai a baki. Kada kuma a bar yaro yana barci a cikin mota a rufe, ko na minti biyar ne.

A ciyar da su abinci mara nauyi kamar awa guda kafin a shiga. Wanda ya cika ciki da fura ya hau lilo mai juyawa, amai zai yi. Kunun aya ba ya jure zafi, in ba a cikin kula da ƙanƙara yake ba ki bar shi, haka duk abin shan da ba ki san da wane ruwa aka haɗa ba. Gyaɗa, gugguru, alawa mai tauri da cingam ba na 'yan ƙasa da shekara huɗu ba ne, kuma ko babba kada ya hau lilo da abu a baki. In yaron da ya wuce shekara ɗaya ya shaƙe har ya kasa tari da kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. In abin bai fito ba, a tsaya a bayansa a sa dunƙulen hannu a saman cibiya a danna ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa. Ba a zura yatsa a laluba maƙogwaro, yana ƙara tura abin ciki.

TAMBAYA: Babban tsorona shi ne yaro ya ɓace a cikin taro. Akwai dabara?
Malamar Islamiyya, Daura

AMSA: Malama, tsoronki a kan hanya yake. Yaro ya fi ɓacewa a lokacin da manya suka yi yawa, kowa na zaton yana hannun wani. Saboda haka a raba yaran da suna tun daga gida, wance ke da wane da wane, kuma in za a miƙa yaro a faɗa da baki, a ji an amsa. 'Yar shekara goma ba mai tsaron ƙanne ba ce a irin wannan wurin, ita ma wasa ya kawo ta.

Kafin a fita a ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, ko a rubuta da biro a damtsensa. Ki lura, yawancin yaranmu in aka tambaye su sunan mahaifi sai su ce Baba ko Abba, uwa kuma Mama. A koya musu cikakken sunan mahaifinsu da sunan unguwa. Anko yana da kyau, amma da Sallah yara da yawa kan sa atamfa ko shadda iri ɗaya, don haka a ƙara musu wata alama mai ɗaukar ido, kamar hula ko ɗankwali kala guda.

Da an shiga, a nuna musu kayan ma'aikata, a ce: in ba ka gan mu ba ka tsaya inda kake, ka gaya wa mai irin wannan rigar ko wata uwa mai riƙe da yara, kada ka bi kowa waje ko ya ce mu muka aiko shi. In abin ya faru, mutum ɗaya ya ruga ƙofar fita ya nuna wa masu gadi hoton, ɗaya ya fara duba wurin ruwa, ɗaya ya tsaya da sauran yaran. Kada kunya ta sa a yi ta nema shiru. A ɗaga murya ana faɗin kamanninsa, yaro ɗan shekara huɗu mai jar riga, sai idon kowa ya shiga neman. In an ɗauki lokaci ba a gan shi ba, a sanar da 'yan sanda. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

TAMBAYA: Na biya kuɗi, ɗana ya ƙi hawa sai kuka. In tilasta masa don ya saba?
Wani uba, Ƙofar Durɓi, Katsina

AMSA: A'a, Malam. Yaron da ya firgita shi ne ke ƙoƙarin zare bel ya tashi tsaye ana cikin tafiya. Ka bar shi ya kalli wasu, ku fara da ƙaramin jirgin ƙasa kana kusa da shi, kada a yi masa gorin cewa shi ba namiji ba ne. In ya turje kuma kada a fizge shi ta hannu. Gwiwar hannun 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu tana saurin gocewa, sai ka ga yaro ya saki hannun ya ƙi motsa shi. A ɗauke shi ta ƙarƙashin hammata.

TAMBAYA: Wurin yana da ruwan iyo na yara da kuma ɓangaren dabbobi. Ruwan bai kai gwiwa ba, akwai matsala?
Wata gwaggo, Katsina

AMSA: Akwai, Gwaggo. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba in ya faɗi ta fuska, kuma ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru abin ke faruwa. Ki tsaya inda hannunki zai kai gare shi, ki ajiye waya. Robar da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ce, ba ta hana nutsewa. In ruwan ya yi duhu har ba a ganin ƙasansa, ko mai gudawa ne yaron, kada ya shiga.

Wajen dabbobi, kada a ɗaga yaro sama da shinge don ya gani da kyau, kada ya miƙa wa biri abinci da hannu, a kuma nisanta fuskarsa da jimina don tana saran abu mai ƙyalli. In biri ya cije shi ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare, ko da raunin ƙarami ne. A wanke hannu da sabulu kafin a ci komai.

TAMBAYA: Albashina ba yawa, yara biyar ne. Yaya zan yi kada in ji kunya a wurin?
Ma'aikacin gwamnati, Katsina

AMSA: Malam, Allah Ya buɗa. Ka fara aika wani ko ka je da kanka ka tambayi abu huɗu: kuɗin shiga ya haɗa da wasanni ko kowane da nasa tikitin, babban da zai raka yaro yana biya, daga shekara nawa ake karɓar kuɗi, kuma ana barin shiga da abinci da ruwa daga gida. Yawanci ba kuɗin ƙofa ke cinye aljihu ba, tikitin ciki ne da askirim da balan-balan da mai hoto. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, don na'urar cirar kuɗi da tura kuɗi ta waya sukan ƙi aiki a ranar taro, ka kuma ware kuɗin Keke Napep na komawa a wani aljihun daban.

Tun a gida ka gaya musu adadin: kowa wasa uku. In tikitin takarda ne, ka saya gaba ɗaya ka riƙe, kana miƙa wa kowa nasa ɗaya bayan ɗaya yana ganin yadda suke raguwa. Ka fara da wanda layinsa ya fi tsawo tun suna da ƙarfin jira, lilo da yashi da ba a biya su zo a tsakiya. Kafin na ƙarshe ka sanar da su cewa saura ɗaya a tafi, kuma ka zaɓi wanda yake kusa da ƙofar fita.